Amsoshin Tambayoyinku: Gyara Fuskar Linux

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya ce ya sa Linux Mint a tsohuwar kwamfutarsa, yana so ya gyara fuskarta ta dace da aikinsa. Malam, mun gode da wannan tambaya.

Tun da injin ya kwana biyu, ina ba ka shawara ka zaɓi fuskar da ake kira Xfce. Ba ta da nauyi kamar fuskar Cinnamon, kuma ba ta shan batir sosai, abin da zai taimake ka in an ɗauke wuta. Kafin ka taɓa komai, buɗe manhajar Timeshift ka adana yanayin kwamfutar, don in gyara ya ɓaci ka mayar da ita yadda take.

Daga nan sai ka shiga saitin madannai ka ƙara tsarin Hausa na Najeriya. Yana nan a ciki tuni, ba sai ka sauke ba. Da shi za ka riƙa rubuta ƙ, ɗ da ɓ ba tare da kwafo su daga wani wuri ba, kuma a wurina wannan ya fi duk wani ado muhimmanci. Launi da hoton bango kuwa, zaɓi wanda idonka ya huta da shi.