Darasi: cin rani da ilimin zaman jama'a

Ƴan makarantar yaƙi da jahilci, maza da mata, ga darasinmu na wannan wata.

Kowace shekara, da an gama kai hatsi rumbu, samari sukan ɗaure kayansu. Na ƙasar Tawa da yawa su nufi Abijan. Na Maraɗi da Damagaram su gangara Kano ko Legas. Wasu su haura Libiya. A gari sai tsofaffi da mata da yara.

In saurayi ɗaya ya tafi, muna iya cewa halinsa ne. Amma in samarin gari duka suna tafiya, shekara da shekaru, to akwai abin da ke tura su. Binciken irin wannan abu shi ake kira ilimin zaman jama'a. Da faransanci sunansa sosiyoloji. Wani Bafaranshe, Ogus Kwant, ya fito da wannan suna a 1838. Amma tun a 1377 wani malami haifaffen Tunis, Ibnu Khaldun, ya rubuta littafi mai suna Muƙaddima a kan abin da ke haɗa kan jama'a da abin da ke watsa su.

Masanan wannan ilimi ba bakinsu ɗaya ba. Wasu suna bin Emil Durkaim, mutumin Faransa, wanda ya rasu a 1917. A ganinsu jama'a kamar jikin mutum take, kowace gaɓa da aikinta. Sai su tambaya: cin rani, wane aiki yake yi wa gari? Amsa ba wuya. Wanda ya tafi ya rage wa rumbu baki ɗaya. In ya dace, ya aiko da kuɗin cimaka. A farin 1973 da na 1984, gidaje da yawa da aike suka rayu.

Wasu kuwa suna bin Kal Markis, mutumin Jamus, wanda ya rasu a 1883. Su tambayarsu dabam ce: wa ke cin riba, wa ke shan wahala? Za su tuna mana zamanin mulkin mallaka. Nasara ya ce a biya haraji da kuɗi, alhali kuɗi ba su cikin ƙauye, dole mutum ya fita neman su. Za su kuma dubi bashi. Talaka ya sayar da hatsinsa da arha a kaka. Da damina ta faɗi, rumbu ya ƙare, sai ya koma wurin mai hali ya ci bashi da tsada. Kaka ta zo, ya biya, bai rage komai ba. Ɗansa kuwa ya tafi biɗa. In ɗan bai dawo da wuri ba, gona ta rasa mai noma, wata rana a jinginar da ita. Wannan magana tana da ɗaci, amma wanda ya taɓa auna hatsin bashi ya san ba ƙarya ba ce.

Akwai kuma Maks Weba, shi ma Bajamushe, wanda ya rasu a 1920. Ra'ayinsa shi ne a fahimci abin da mutum yake nufi da aikinsa. Ku tambayi saurayi. Wani da hatsi a gidansu, amma ya tafi. Yana son ya dawo da sabuwar riga da kuɗin aure, a daina kiransa yaro. Wani kuma kunyar dawowa hannu banza ta hana shi komowa, har iyayensa su mutu bai gan su ba.

Yanzu aiki ya rage naku. In kun taru a aji, ku lissafa gidajen unguwarku. Gida nawa ke da ɗan cin rani bana? Nawa daga cikinsu suka ci bashin hatsi bara? Nawa suka dawo kafin shuka? Ku tambayi matan da aka bari, su ma su faɗi nasu. Kowa ya rubuta amsa da hannunsa, malami ya tattara ya aiko wa jaridarku.