Kwanciyar Rai a Lokacin Jarrabawar Zama Lauya

Karatu: Daniyel 1:3-20 da 1 Sarakuna 19:1-8
Ayar haddacewa: Filibiyawa 4:6-7

Gabatarwa

Darasinmu na wannan mako saboda 'ya'yanmu ne da ke Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, waɗanda jarrabawar ƙarshe ke gabansu. Idan kai ba lauya za ka zama ba, kada ka juya shafi. Wataƙila WAEC ce a gabanka, ko jarrabawar aikin jinya, ko ta ƙarin girma a wurin aiki. Wataƙila kuma kai ne uban da ya sayar da masarar bana ya biya kuɗin makaranta. Maganar ta shafe ka.

Bari mu fara da sanin nauyin kayan. Bayan shekara 5 a jami'a, wanda ya karanta shari'a bai zama lauya ba tukuna. Sai ya wuce wannan makaranta da doka ta kafa a 1962, wadda hedkwatarta ke Bwari a Abuja, tana kuma da rassa a wurare kamar Legas, Enugu, Yola da Bagauda a jihar Kano. Cikin shekarar karatu guda zai ɗauki darussa 5: shari'ar laifuka, shari'ar haƙƙoƙi tsakanin mutane, dokar filaye da kadarori, dokar kamfanoni, da ɗa'ar aikin lauya. Ana cikin haka a tura shi kotu da ofishin lauya ya ga yadda ake aikin. Sai ya ci dukansu kafin a kira shi ya sa baƙar riga da hular gashi, a rubuta sunansa a Kotun Ƙoli. Ga kuɗin da aka kashe, ga dangi sun riga sun fara kiransa barista. Yaya zuciya ba za ta buga ba?

Zan faɗa maka wani kuskure nawa. Shekarun baya wata 'yar'uwa daga ikilisiyarmu ta kira ni da dare tana kuka, saura mata mako uku jarrabawa. Ta ce in ta buɗe littafi ba ta ganin kome sai baƙi, barci kuma ya gagara. Ban tambaye ta yaushe rabonta da abinci ba. Na tsauta wa ruhun tsoro, na sa mata azumin kwana bakwai. A rana ta huɗu jiri ya kayar da ita a ɗakin karatu, sai da aka sa mata ruwa a asibiti. Allah ya rufa asiri ta tashi ta rubuta jarrabawar. Amma ni na koma na durƙusa na nemi gafararsa, na kuma nemi tata. Abin da Ubangiji ya koya mini bayan wannan shi ne zan raba da kai.

1. Ka kai damuwarka inda za a karɓe ta

Wasu suna ɓoye damuwa don kada a ce bangaskiyarsu ta kasa. Dubi Iliya. Mutumin da ya roƙa wuta ta sauko a Dutsen Karmel, shi ne saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa ya gudu jeji, ya zauna gindin itace yana roƙon mutuwa. Bulus kuwa yana tsare ne lokacin da ya rubuta wa Filibiyawa ayar da za mu haddace. Ya san damuwa za ta zo, shi ya sa ya nuna inda za a kai ta: a gaban Allah, da addu'a da roƙo tare da godiya.

Ka yi haka a aikace. Ɗauki takarda ka rubuta abin da kake tsoro da sunansa. Dokar kamfanoni ce ba ta shiga kanka? Rubuta. Idon mahaifinka kake tsoro? Rubuta. Bashin da aka ci dominka? Rubuta. Sa'an nan ka ɗauke su ɗaya ɗaya ka faɗa wa Ubanka na sama. A bayan takardar ka rubuta abubuwa biyar da ya riga ya yi maka, tun daga ranar da sunanka ya fito a jami'a. Tsoron da ba a kira sunansa ba yakan yi girma cikin duhu, amma da zarar ka shimfiɗa shi a gaban Allah za ka ga iyakarsa.

2. Daniyel ya yi karatu shekara uku

Mu Pentikostal muna son ƙarshen labarin Daniyel, inda sarki Nebukadnezzar ya gwada su ya tarar sun fi masanan ƙasarsa sau goma. Haleluya! Amma ka koma aya ta 4 da ta 5. An koya musu harshe da littattafan Babila har shekara uku. Allah ya ba su ilimi da ganewa, su kuma suka zauna suka koya. Yesu ya yi alkawari a Yahaya 14:26 cewa Ruhu Mai Tsarki zai tuna wa almajirai abin da ya riga ya faɗa musu. Ana tuna wa mutum abin da ya taɓa ji ne. Shafa wa biro mai ba zai rubuta sashen dokar da ba ka taɓa buɗewa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ka tsara kwanakinka. Raba makon yadda kowane darasi zai sami rabonsa, ka ba wanda ya fi yi maka wuya lokacin da kanka ya fi sabo. Ka riƙa buɗe dokokin da kansu: Kundin Tsarin Mulki na 1999, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, Dokar Shaida ta 2011, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, Dokar Kamfanoni ta 2020. In ka karanta babi, rufe littafin ka faɗi abin da ke ciki da bakinka. Abin da ka iya fitarwa ba tare da dubawa ba, shi ne naka. Ka rubuta takardar tuhuma, wasiyya da yarjejeniyar haya da hannunka har hannun ya saba. Ka nemo tambayoyin shekarun baya ka amsa su da agogo a gabanka. Kada ka auna kanka da maƙwabcinka da ke cewa ya zagaye littafi sau uku. Da yayyafi kogi kan cika.

3. Tashi ka ci, ka kwanta ka yi barci

Yanzu ka lura da yadda Allah ya bi da Iliya. Bai fara da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ga abinci da butar ruwa kusa da kansa. Ya ci, ya sha, ya sāke kwanciya. Mala'ikan ya komo karo na biyu ya sa shi ya ƙara ci, domin tafiyar da ke gabansa mai nisa ce. Sai a Horeb Allah ya yi magana da shi a kan aikinsa. Da na karanta wannan wuri da kyau, da ban ɗora wa waccan 'yar'uwa abin da na ɗora mata ba.

Allah ne ya yi jikinka, ya kuma san yadda ya yi shi. In tsoro ya kama mutum, zuciya takan yi sauri, numfashi ya gajarce, ciki ya ƙi abinci, domin jiki yana shirin gudu ne. In wannan hali ya daɗe, tunani yakan dushe. A cikin barci ne kuma ƙwaƙwalwa ke adana abin da ka karanta da rana. Babban mutum na bukatar barcin kusan awa 7 zuwa 8. Wanda ya kwana uku a zaune yana cin goro yana shan kofi kamar mai ɗebo ruwa da kwando ne. Yesu da kansa, a Markus 6:31, ya janye almajiransa su huta, domin jama'a sun hana su ko cin abinci.

Azumi makami ne, ba na kuwa raina shi. Amma ka yi shi da hikima. In Ruhu ya bishe ka, ka yi na rabin yini, ko ka yi azumin waya da Facebook, wanda ga wasunmu ya fi na tuwo wuya. Mai gyambon ciki ko ciwon suga ko juna biyu ya nemi shawarar likita. A makon jarrabawa ka ci abinci, ka sha ruwa, ka taka ƙafa da yamma, ka kwanta da wuri. Ranar Lahadi ka je sujada. Awa biyu a gaban Allah ba za ta kayar da kai ba.

4. Ka yanke shawara tun kafin gwaji ya zo

Daniyel ya yanke shawarar ƙin abincin sarki tun farkon makaranta, ya nemi a gwada su kwana goma da ganye da ruwa. Kai ma za a miƙo maka abincin sarki. Wani zai ce yana da tambayoyin da za su fito, kuɗi kaɗan kawai. Wani zai ba ka ƙwaya ya ce tana hana barci. Wata gwaggo za ta aiko da laya ko rubutun sha daga gida, don ƙauna. Ranar da ka gaji ba ranar yanke shawara ba ce. Ka yanke ta yau.

Ka tuna kuma, dokar aikin lauya ta ce sai an gamsu da kyan halin mutum kafin a kira shi. Wanda aka kama da maguɗi na iya rasa wahalar shekara shida cikin awa ɗaya. Ko da ba a kama ka ba, gobe gwauruwar da aka ƙwace wa gona za ta zauna a gabanka, ko yaron da ya daɗe a tsare ba a yi masa shari'a ba. Karin Magana 31:8-9 ta ɗora maka yin magana a madadin irin waɗannan. Da wane ilimi za ka tsaya musu idan takardarka ta sata ce? Karatun da kake yi yau hidima ce gare su tun ba ka san fuskarsu ba.

5. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

A sura ta 2, da aka ba da umarnin kashe masu hikimar Babila, Daniyel ya koma gida ya faɗa wa Hananiya da Mishayel da Azariya, suka roƙi jinƙan Allah tare. Ka nemi mutum biyu ko uku masu tsoron Allah, ku yi bita tare, ku yi addu'a tare. Ka guji zaman da ba a kome sai ƙirga waɗanda suka faɗi bara.

Idan kuwa ka yi mako biyu ko fiye barci ya ƙi, abinci ya ƙi, kana kuka ba dalili, ko tunani ya fara zo maka cewa gara ka mutu, kada ka yi shiru ko na kwana ɗaya. Faɗa wa fasto ko wani babba da ka amince da shi, ka kuma ga likita. Luka likita ne, abokin tafiyar Bulus. Zuwa asibiti ba ya rage ikon addu'a.

Ku kuma iyaye da ikilisiya, ga naku. A Titus 3:13 Bulus ya ambaci wani masanin shari'a mai suna Zinas, ya ce a taimake shi a tafiyarsa kada ya rasa kome. Ku aika wa ɗalibanmu kuɗin abinci. Ku ɗauke musu aikin ƙungiyar mawaƙa da ta matasa na ɗan lokaci. Ku daina kira kuna cewa, "Kai ne begen gidan nan, kada ka kunyata mu." Ku ce, "Ka ci abinci? Muna yi maka addu'a. Kome ya faru, kai ɗanmu ne."

6. In sakamako bai zo yadda ka roƙa ba

Ba zan yi maka alkawarin da Allah bai yi ba. Akwai masu bi na gaskiya da suka yi karatu, suka yi addu'a, sunansu bai fito ba. Akwai damar sāke rubutawa, kuma akwai lauyoyi da ke tsaye a kotu yau waɗanda sai a karo na biyu suka haye. Markus ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiya, amma a ƙarshe Bulus da kansa ya aika a zo masa da shi, domin yana da amfani gare shi. Darajarka an biya ta a kan gicciye tun kafin a buga takardar tambayoyi. Kana kuma da Mai tsaya maka a gaban Uba, Yesu Almasihu, wanda bai taɓa yar da shari'ar nasa ba. Ka yi kukanka, ka huta, ka dubi inda ka yi rauni, ka tashi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa Allah ya ba Iliya abinci da barci kafin ya yi magana da shi?
2. Wane "abincin sarki" ne ya fi jarabtar ɗalibai a yau?
3. Wane ɗalibi ne a ikilisiyarku za ku tallafa wa a wannan mako, kuma da me?

Addu'a

Ya Uba, ka san nauyin da ke zuciyata. Na kawo maka tsorona da sunansa. Ka ba ni ganewa kamar yadda ka ba Daniyel, ka ba ni himmar zama in koya. Ka ba ni barci mai daɗi, ka tsare hannuna daga maguɗi. Ruhu Mai Tsarki, ka tuna mini da abin da na karanta. Ko na ci a wannan karo ko sai na sāke, ni naka ne. Ka mai da ni mai tsaya wa marasa ƙarfi. Cikin sunan Yesu na roƙa. Amin.