Idon Matuƙin Jirgin Sama

A Zariya akwai makarantar koyon tuƙin jirgin sama, wadda aka kafa a shekarar 1964. Wanda ya shiga koyo a can, ana horar da idonsa kamar yadda ake horar da hannunsa.

A gaban matuƙin ƙaramin jirgi akwai agogai shida, amma ba na lokaci ba ne. Babbansu yana tsakiya daga sama. Shi ke nuna ko jirgi ya miƙe sosai, ko ya karkata, ko ya ɗaga hanci. Na hagunsa yana faɗin gudu. Na damansa yana faɗin tsawon da aka hau, na ƙarƙashinsa kuwa yana nuna inda aka dosa. Sauran biyun su ne na juyawa da na saurin hawa da sauka. A sababbin jirage an tara su a allon kwamfuta, amma aikin ido bai sake ba.

Babban laifin sabon ɗalibi shi ne ya ƙura wa agogo ɗaya ido. Yana can yana gyaran tsawo, ashe jirgi ya bar hanya. Makiyayin da ya koro shanu zuwa kasuwar Wudil ran Juma'a ya san wannan. In ya tsaya kallon bijimi ɗaya a bakin gada, sai sauran su watse. To, haka aka koya wa ɗalibi: ya dubi na tsakiya, ya leƙa na gudu, ya komo tsakiya, ya leƙa na tsawo, ya sake komowa. Idonsa ba ya zama wuri ɗaya.

Amfanin wannan yakan bayyana da hunturu, sa'ad da hazo ya rufe ƙasar Kano, ba a rarrabe sama da ƙasa. A nan jiki yakan yi wa mutum ƙarya. Sai ya ji kamar jirgi a miƙe yake, alhali kuwa ya karkata. Saboda haka malami yakan sa wa ɗalibi wani abu a fuska wanda zai tare masa waje, ya bar shi da agogai kaɗai, har ya saba gaskata su.

Sa'an nan sai hannu. Mai tsoro yakan damƙe sandar tuƙi da ƙarfi, ya fizge ta, jirgi ya yi ta sama da ƙasa. Gwani kuwa da yatsu yake riƙewa. Ya motsa kaɗan, ya dakata, ya ga abin da agogo ya ce, kana ya ƙara.