Takardar gwajin idonka taka ce

A sana'armu ta gwajin ido, abu biyu ne ke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya: ɗakin gwaji da kantin tabarau. A na farko kai majinyaci ne, a na biyu kuma mai saye. Ƙofa ce kawai ta raba su, shi ya sa mutane da yawa ba sa lura da lokacin da aka gama duba lafiyarsu aka shiga ciniki. Mutumin da zai shafe rabin sa'a yana taya shadda a Kantin Kwari, sai ka ga ya yi tsit a gaban mai farar riga, duk abin da aka lissafa masa ya ce "to". Da wannan kunyar wasu daga cikinmu ke cin abinci, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin idan aka cuci mutum sau ɗaya, sai ya ƙaurace wa gwajin ido baki ɗaya, har ranar da cuta za ta ci ƙarfinsa.

Idan an gama gwaji, ana rubuta sakamakon a takarda. Za ka ga SPH, wato ƙarfin gilashin, da alamar tarawa ko ta ɗebewa a gabansa. Za ka ga CYL da AXIS idan ƙwayar idonka ba ta daidaita a zagayenta ba, sannan ADD, ƙarin da ake yi domin karatu. Akwai kuma tazarar da ke tsakanin tsakiyar idanunka biyu, da ake aunawa da milimita. Ka biya kuɗin gwaji, saboda haka wannan takarda taka ce. Kana iya ninke ta ka sa a aljihu, ka je wani shago ka tambayi farashi, ko ka koma gida ka yi shawara. Duk wanda ya ce maka "ba ma ba da takarda sai in a nan za ka yi gilashi", ya riƙe abin da ba nasa ba. Kundin haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2018 ya amince wa majinyaci ya samu bayanan lafiyarsa, a kuma fayyace masa kuɗin da zai biya. A Amurka tun 1978 doka ta wajabta a miƙa wa mutum takardarsa da zarar an gama gwaji, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne wajen ƙare-ƙare. Wani dattijo tela ya taɓa zuwa wurina da lissafin da aka yi masa a wani shago. Kukansa ɗaya ne: zura zare a allura ya fara gagararsa, sai ya miƙe hannu nesa kafin ya ga ramin. A takardar an jera masa firam na waje, gilashi mai duhu a rana, mai tare shuɗin haske, mai siranta, jimillar ta kusa kuɗin da yake samu a wata. Ya ajiye ta a tebur yana cewa, "Likita, an ce in ban yi wannan ba idon zai mutu." Na duba shi, ganinsa na nesa lafiya lau, ƙarfin ruwan idonsa daidai, jijiyar gani ba ta da matsala. Na ce, "Baba, shekaru ne kawai. Gilashin karatu kake bukata." Na ɗora masa +2.00, na miƙa masa allura da zare, ya zura a karo na farko.

Abin da ya same shi yana samun kusan kowa daga wajen shekara 40, lokacin da ido ke rage iya mayar da hankali kan abin da ke kusa. Ba makanta ba ce, kuma rashin sa gilashi ba ya kashe idon babba. Zai dai sha wahalar gani, wataƙila da ciwon kai.

Ba ina nufin duk ƙarin banza ba ne. Shafin da ke rage ƙyalli yana taimakon direban da ke tuƙin dare. Gilashi mai duhu a rana yana da daɗi ga mai yini a waje, sai dai a sani cewa yawancinsa ba ya yin duhu sosai a cikin mota, domin gilashin gaban motar ya riga ya tare hasken da ke sa shi canzawa. Mai siranta an yi shi ne domin masu lamba mai ƙarfi, waɗanda gilashinsu zai yi kauri da nauyi. Mai ƙaramar lamba ba zai ga bambancin da ya kai kuɗin ba. Amma wanda aka fi tallatawa yanzu, bulu-kot, wato mai tare shuɗin haske, shi ne ya fi raunin hujja. Wani babban nazari na cibiyar Cochrane a 2023 ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, bai samu shaidar cewa yana rage gajiyar ido ga masu aiki da kwamfuta ba. Gajiyar ta fi zuwa daga rashin ƙifta ido da daɗewa ana kallon abu ɗaya. Ɗaga kai ka dubi nesa kowane minti 20, wannan kyauta ne. Tambaya ɗaya ta isa a kan kowane ƙari: "Me wannan zai yi mini a aikina, kuma nawa ne kuɗinsa shi kaɗai?" Tsohon firam ɗinka ma, in yana da ƙwari, sau da yawa ana iya ɗora masa sabon gilashi.

Yara ne nasu daban. Yaron da ido ɗaya ya fi ɗaya rauni, in ba a gyara ba kafin wajen shekara 7 ko 8, ƙwaƙwalwa tana iya yin watsi da raunanan idon, gyaransa daga baya ya yi wuya. A nan gaggawar gaskiya ce, kuma gilashin roba mai wuyar fashewa ya cancanci kuɗinsa. Haka kuma kada tsoron tsada ya tura ka wajen mai tallar tabarau a tasha ka ce ka huta. Gilashinsa na karatu yana iya yi maka aiki, amma ba zai gano hawan jinin ido ba, cutar da ke cin gani daga gefe ba tare da ciwo ba, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Mai ciwon suga, da wanda wani a gidansu ya makance, gwaji ya zame musu dole.

Ranar karɓar tabarau, kada ka fita sai ka sa shi ka karanta rubutu, ka dubi nesa, ka taka ƙasa. Ka karɓi rasit da aka rubuta irin gilashin da kowane ƙari da ka biya, ka kuma tambayi sharaɗin gyara tun kafin ka ba da kuɗi. Ɗan jiri na kwanaki kaɗan ba abin mamaki ba ne, musamman ga gilashi mai haɗa nesa da kusa. In an kai mako biyu kana ganin abu bibbiyu ko ƙasa na karkacewa, kada ka yarda da "ido zai saba". Akwai na'urar da ke karanta lambar gilashi cikin minti ɗaya, a gwada da abin da ke takardarka. In kuskuren shagon ne, gyara a kansu yake. In sun ƙi, hukumar ODORBN, wadda aka kafa a 1989, ita ke yi wa masu gwajin ido da masu haɗa tabarau rajista, kana da damar neman ganin lasisin wanda ya duba ka, ka kuma kai ƙararsa gare ta. Abin da ya shafi kuɗi da kaya marar kyau kuwa, hukumar kare masu saye ta FCCPC tana karɓar koke. Ka tafi da rasit, da takardar gwajin, da tabarau ɗin kansa.