Duba Jijiyoyin Huhun Yara da Na'urar MRI

Jijiyoyi 4 ne ke ɗauko jini daga huhu su kai shi ɓangaren hagu na zuciya. Akan haifi yaro jijiyoyin nan sun ƙuntace, ko sun karkata zuwa ɓangaren dama. Alamomin su ne haki, da shuɗin leɓe, da kasa shan nono.

Domin gano inda cutar take, likita kan nemi hoton MRI. Wannan na'ura da maganaɗisu take aiki, ba da hasken eksire ba. Tana nuna hanyar kowace jijiya, ta kuma auna jinin da ke bin ta, don a san aikin da za a yi.

Tilas yaro ya kwanta ba motsi, shi ya sa akan ba ƙanana maganin barci. Idan akwai ƙarfe a jikinsa, lalle a sanar da ma'aikata. Iyayen da suka ga alamomin nan su gaggauta zuwa asibiti.