Mula-mula: Tsuntsun Duwatsun Hamada

Gabatarwa

Masu nazarin tsuntsaye suna dogara da abubuwa uku wajen tantance tsuntsu, wato siffarsa da mazauninsa da halayensa. Wannan darasi zai ɗora waɗannan ma'aunai a kan wani tsuntsu mai daɗin kuka da Abzinawa ke kira mula-mula. A kimiyyance sunansa Oenanthe leucopyga.

Siffarsa

Tsawon mula-mula ya kai kimanin santimita 17 zuwa 18. Jikinsa baƙi ne wuluk, amma gindin wutsiyarsa da gefunanta farare ne fat. Wanda ya girma yana da fari a tsakar ka, tamkar ya kifa farar hula. A nan ne mai koyo ke yin kuskure, domin ƙarami, wanda bai ƙosa ba, kansa baƙi ne gaba ɗaya, har a ɗauka wani jinsi ne dabam. Saboda haka wutsiya ta fi kai zama abin dogaro.

Mazauninsa

Ana samunsa a hamadar Sahara da yankin Larabawa. A Jamhuriyar Nijar, sananne ne a duwatsun Azbin da ke jihar Agadas. Ya fi son wuri mai duwatsu da kwazazzabai fiye da tudun rairayi, kuma ba ya ƙaura da sauyin yanayi.

Halayensa

Yawancin abincinsa ƙwari ne. Yakan hau kan dutse ya yi tsinkaye, da ya hangi ƙwaro sai ya dira ya cafke. Yana yin sheƙa a tsagar dutse ko ramin bango, sannan ya tara tsakuwa a bakinta. Macen takan saka ƙwai 3 zuwa 5. Kukansa zaƙi gare shi, kuma yana kwaikwayon kukan wasu tsuntsaye. Ba ya gudun mutane, yakan zo har zango da bakin rijiya. Abzinawa suna ɗaukarsa tsuntsun bushara.

Kammalawa

An ga cewa alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, sai an haɗa siffa da mazauni da hali.

Jinga

1. Me ya sa farin kai bai isa shaida wajen gane mula-mula ba?
2. Zaɓi tsuntsu ɗaya na garinku, ka bayyana shi bisa ma'aunai ukun nan.