Shaidar Lafiyar Matuƙan Jirgin Sama: Tsakanin Gwajin Likita da Gaskiyar Matuƙi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin sharuɗɗan lafiya da ake gindaya wa matuƙan jirgin sama da jami'an da ke ba jirage hanya. Ta nuna cewa gwajin likita yana gano cutar da ta bayyana a jiki, amma wadda ta ɓuya a zuci sai mai ita ya faɗa.

1.0 Gabatarwa

Yarjejeniyar Shikago ta 1944 ita ce ta haifar da hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, wato ICAO, mai hedikwata a Kanada. Rataye na farko na yarjejeniyar ya tanadi ƙa'idojin ba da lasisi, ciki har da na lafiya. A Nijeriya, hukumar NCAA ce ke aiwatar da su ta hannun likitocin da ta amince da su. Ɗalibin tuƙi a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, sai ya tsallake wannan gwaji kafin ya tashi da jirgi shi kaɗai.

2.0 Rukunan Shaida da Wa'adinsu

An kasa shaidar gida uku. Rukuni na ɗaya na matuƙan jiragen kasuwanci ne, kuma wa'adinsa wata 12. Yana komawa wata 6 idan matuƙi ya kai shekara 60, ko shekara 40 in shi kaɗai ke tuƙa fasinja. Rukuni na biyu na masu tuƙi don ƙashin kansu ne, wata 60. Na uku kuwa na masu ba jirage hanya ne, wata 48. Waɗannan biyun suna raguwa zuwa wata 24 daga shekara 40. Dalili shi ne haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa da shekaru.

3.0 Abubuwan da Ake Dubawa

Likita yana auna gani da ji da bugun zuciya da hawan jini, sannan ya duba fitsari. Bambance launuka wajibi ne, domin fitilun jirgi da na filin sauka da ja da kore da fari suke magana. Tabarau ba ya hana lasisi muddin ya gyara ganin. Farfaɗiya kuwa tana hanawa, saboda tana iya kayar da mutum ba zato. Wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya kawai, kamar yadda ake samu da yawa a Nijeriya, galibi ba a hana shi.

4.0 Inda Gizo ke Saƙa

Na'ura ba ta auna damuwa. A ranar 24 ga Maris, 2015, mataimakin matuƙin wani jirgin kamfanin Germanwings da ya taso daga Basalona zuwa Jamus ya kulle ƙofar ɗakin tuƙi, ya karkata jirgin da gangan ya faɗa tsaunukan Faransa. Mutum 150 suka rasu. Bincike ya nuna yana da ingantacciyar shaida ta rukuni na ɗaya, alhali likitoci sun ba shi takardar hutu wadda ya ɓoye wa kamfanin. Dokar sirrin majiyyaci ta Jamus ta sa likitocin ba su sanar da hukuma ba. Bayan haka Tarayyar Turai ta wajabta gwajin halayya kafin matuƙi ya fara aiki da kamfani, da kuma shirin da zai kai kukansa ga takwarorinsa cikin sirri.

5.0 Kammalawa

Matuƙin da ya san bayyana ciwonsa zai raba shi da abincinsa, zai fi son ya yi shiru. Saboda haka tsananta gwaji kaɗai ba zai wadatar ba. Wajibi ne hukumomi da kamfanoni su tanadi inshorar rasa lasisi da hanyar komawa aiki bayan magani, ta yadda faɗar gaskiya ba za ta zama hasara ga mai faɗarta ba.